Ruwan Inabin Hamisu

Jiya ina wucewa ta bakin kasuwar Karaye da kwando a ka, na ji Tanimu tela yana gaya wa abokansa wai mu 'yan gidan Malam Gambo mai inabi a kwance muke cin abinci. Wai itace ne ya hau rumfa da kansa, ya haihu da kansa, mu dai namu mu miƙa hannu mu tsinka mu kai wa Turawa. Na ce, "Tanimu, Allah ya ba ka lafiya. Kai da kake tuƙa keken ɗinki da ƙafa ɗaya kana gyangyaɗi?" Aka yi dariya, na wuce. Amma maganar ta bi ni har gida. To, tunda na yi aji uku a elementare kafin malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, bari in rubuta muku yadda aikin yake. Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta wa Tanimu, a hankali, kada ya soke yatsa.

Lambunmu yana gangaren rafi, ƙasa da Tudun Kaya, a wani kwari da sanyi ke kwanciya da safe har sai rana ta ɗaga sosai. Don sanyin nan Baba ya zaɓi wurin, domin inabi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Baba ya yi shekaru yana aikin lambu a gidan wani Bature a Zariya. Shi Baturen ne ya zo da itacen daga ƙasarsu mai sanyi, wai yana so ya riƙa matsa abin shansa da kansa. Da zai koma gida ya ce Baba ya zaɓi abin da yake so a gidan. Da wani ne da kujera zai ɗauka, ko fitila. Baba sai ya yanko sanduna goma sha biyu, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya haɗa da wuƙar da ake askin itacen da ita, ya taho a ƙafa ta Rogo. Inna ta ce ranar da ya kwance buhun nan a tsakar gida ta ɗauka makamashi ya kawo mata, har ta raina yawansa. Biyar suka kama. Duk abin da kuke hangowa a kan rumfunan nan jikokin biyar ɗin nan ne.

Mu biyu ne maza a gidan, Yaya Hamisu da ni Sale, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara uku ya ba ni. Hamisu irin mutanen nan ne da in ka gaishe su sai sun yi tunani kafin su amsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya soka busasshen tsinke a ƙasa sai ya yi ganye, don dai a ɓata mini rai. Shi yana kirana Ɗan Boko, ni ina kiransa Liman, amma a bayan idonsa.

Aikin da aka fara ɗora mini shi ne jigo. Doguwar sanda ce a kan gwafa, da dunƙulen laka a gindinta, da guga a bakinta. Ka ja igiya ƙasa, guga ya nutse, nauyin laka ya ɗago maka shi, ka juye a bakin hanyar ruwa. Daga nesa kamar wasa, sai ka ce mutum yana ta gaishe da rafi. Ku zo ku yi gaisuwar nan tun daga fitowar rana har azahar, ƙafa cikin taɓo, ku ga ko bayanku zai miƙe. Tafin hannuna ya yi kanta har in na gaisa da mutum sai ya duba nasa ya ga ko ban kankare masa fata ba. Kuma ba ɗebo ruwan ne kaɗai ba. Kowane layi da 'yar hanyarsa. Ka toshe wannan da laka, ka buɗe waccan, ka ruga ka duba ko ya kai ƙarshen layi, ka dawo ka tarar ƙaguwa ta huda gefe, ruwan da ka sha wuya a kansa yana komawa rafi abinsa. Duk wannan lokacin Hamisu yana ƙarƙashin rumfa a inuwa, kusa da Baba, yana ɗaure reshe da igiyar rama a hankali, rigarsa fes. Ni kuwa in na dawo gida, daga zaure Inna take tsayar da ni in wanke ƙafa.

Da damina ta ɗauke, an gama cirar gyaɗa, sai a sa inabi barci. Wannan ne abin da babu manomin dawa ko na rake da zai gani bai riƙe baki ba. A tsige ganyen kaf da hannu. A sa fartanya a tone gindin kowane itace har saiwoyi su fito fili suna shan iska. Sannan a hana shi ruwa sati uku, ko ɗigo. Lambu ya koma kamar wanda fara ta bi ta kansa. Masu wucewa zuwa Kafin Dafga sukan tsaya su yi wa Baba jaje. Yanzu na san dalili: a ƙasarsu sanyi ne ke kakkaɓe masa ganye ya kwantar da shi, in ya farka sai ya fito da fure. A nan namu sanyin bai kai ba, sai mu cika da ƙishirwa. Amma a lokacin in na tambayi Baba, amsarsa ɗaya ce, "Haka ake yi." Ni kuwa na ga malam ya rubuta a allo da alli, muka maimaita har muka haddace, cewa abu uku tsiro yake so: ruwa, rana, taki. Ba a ce ƙishirwa ba. Sai na riƙe a raina cewa wannan barci camfin tsofaffi ne, kuma duk ranar da aka ba ni dama zan nuna musu.

Bayan sati ukun sai aski, kuma nan wuƙar take fitowa. 'Yar lanƙwasasshiya ce, ƙotarta ta ƙaho, tana naɗewa ta shiga aljihu. Baba yana ajiye ta a cikin tsumma mai man gyaɗa, ba a yanka ko lemo da ita. Kowane reshe yana da idanu, 'yan ƙulle-ƙullen nan da sabon tsiro ke fitowa daga ciki. Mai aski zai bi reshen da yatsa, ya ƙirga idanun da zai bari, ya datse sauran, sara ɗaya, a karkace don kada ruwa ya zauna a bakin. In ka bar da yawa, itace ya raba ƙarfinsa, ka sami tsami. In ka rage da yawa, ka yanke abincin shekara ka zubar. Babu reshe biyu da ake yi wa aski iri ɗaya. Baba ke yanka, Hamisu ke riƙe masa reshe, kansu a haɗe suna 'yar magana ƙasa-ƙasa kamar masu shirya aure. Ni aikina in bi su a baya ina tsince abin da ya faɗi. Sau ɗaya na ce, "Baba, ba ni in gwada mana." Ya ce, "Ka mayar da ƙasar gindin nan tukuna, ka zuba takin awaki, ka sako ruwa." Wato dai koma jigonka.

Tsaron tsuntsaye ma aiki ne da Tanimu bai san da shi ba. Da 'ya'yan sun fara baƙi, duk wani mai fiffike a ƙasar Karaye ya sami labari. Mukan ja igiya daga wannan rumfa zuwa waccan, mu rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mutum ya wuni yana ja yana ihu kamar an yi masa sata. Kowane curi, mu nono muke ce masa kamar na ayaba, sai an ɗinka masa 'yar jakar tsumma an sa shi ciki, saboda jemage da rina. Tsofaffin zannuwan Inna duk a kan rumfa suka ƙare. Ga gara a ƙasa tana cin ginshiƙan rumfa, in ba na ƙirya ka kafa ba, wata safiya ka tarar layi guda ya kwanta da kayansa.

Ranar tsinka da sassafe ake yi, kafin rana ta taɓa 'ya'yan. A shimfiɗa ganye a kwando, a jera nono ɗaya-ɗaya, ba a ɗora wani kan wani fiye da hawa biyu. Jaki ba ya ɗauka, zai mai da shi kunu. A ka ake kaiwa bakin hanya, a jira lori, a zauna da kwando a cinya har Kano kamar an ba ka riƙon jariri. Can akwai wani Kwara, Balaraben Sham, mai kanti a Fagge da yake karɓa, da masu dafa wa wasu Turawa abinci da suke zuwa da kekuna. Wa yake raka Baba? Hamisu. Ni jigo ba ya jira. Ya je Kano ya dawo, in ce, "Yaya, me ka gani?" Ya yi tunani ya ce, "Mutane." Ku ji fa. An kai wanda ba ya magana birni, an bar mai baki da kwaɗin rafi.

Wani Baturen auduga ya taɓa zuwa har lambu da tafintansa. Ya ɗanɗana, ya tofar da ƙwallon a tafin hannu, ya duba, ya yi ta murna kamar ya ga ɗan garinsu. Tafinta ya ce Bature yana son amfanin shekarar duka, kuma ba sai an sa jakar tsumma ba, zai zo da tulunansa. Baba ya gane inda aka dosa. Ya ce, "Gaya masa na baki nake sayarwa, ba na tulu ba." Bature ya ce ai asalin irin na tulu ne. Baba ya ce, "To, ya musulunta a hannuna." Wanda ya fi kowa sanin inabinmu dai shi ne Alhaji Buba na Rogo, aminin Baba. Ya ci inabi a hanyar Makka, tun daga nan ya zama alƙalin inabinmu. Duk shekara shi ake fara ba wa, ya rufe ido ya tauna, ya ce, "Ya kusa." Bai taɓa cewa ya kai ba.

To, shekarar da nake son ba ku labari, kurkunu ya kama Baba ƙafa biyu a ƙarshen damina. Yana kwance a zaure, an naɗe zaren tsutsar a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kullum, ko masallaci sai an riƙe shi. Ya kira mu, ya zaro tsumman nan daga ƙarƙashin matashi ya ajiye a tabarma.

"Layi shida ne," in ji shi. "Hamisu, ɗauki uku na gabas. Sale, uku na yamma. Kowa ya sa nasa barci, ya yi wa nasa aski, ku yi karɓa-karɓa da wuƙar. Ruwa kuwa jigo ɗaya ne, Sale zai ba kowa. Wanda inabinsa ya fi, wuƙa tasa ce, shi ne mai lambu, shi ne mai zuwa Kano."

Na ce, "Wanda bai fi ba fa, Baba?"

"Jigo yana nan, ba inda ya je."

Hamisu ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba." Ni kuwa tuni na fara tunanin rigar da zan sa in shiga Fagge.

Muka tsige ganye, muka tone gindi, kowa a nasa. Kwana uku na daure. A na huɗu, da azahar, Hamisu ya tafi gida duba Baba, na tsaya ina kallon saiwoyin nan a fili suna bushewa, na tuna allon malam. Na ce Liman zai bi camfi, ni zan bi ilmi, a ga wanda zai riga. Na ɗauki tulu, don kada hanyar ruwa ta jiƙe ta tona ni, na bi layukana uku gindi-gindi, na watsa busasshiyar ƙasa a kai. Haka na riƙa yi duk bayan kwana biyu. Da lokacin aski ya zo, na Hamisu suna barci kamar gawa, nawa idanu duk sun kumbura, wasu har sun tsage. Na karɓi wuƙar nan, karo na farko a rayuwata, na ji ta zauna a hannuna kamar don ni aka ƙera ta. Sai tausayi ya kama ni. Reshe mai rai haka, ya za a yi in datse shi in bar ido uku? Na riƙa barin bakwai, takwas. Taki kuwa, inda Hamisu ya zuba kwando ɗaya, ni biyu.

Wallahi da kun ga layukan yamma bayan wata guda. Ganye kamar faifai, kore shar, rumfa ta rufe har ba ka ganin sama. Na gabas kuwa 'yan tsirarun ganye kamar kan tsoho. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa, "Kai, na wane ne wannan?" In ce, "Na wani ɗan makaranta ne." Har aka kai wa Baba labari a zaure. Aka ce ya tambaya, "Ganye ko fure?" Ba wanda ya gane tambayar, har da ni.

Sai fure ya fito. Furen inabi ba abin kallo ba ne, 'yan ƙananan abubuwa ne kore-kore, sai ka sunkuya. Na sunkuya a na Hamisu, kowane sabon reshe da biyu, wani uku. Na dawo nawa na yi ta ɗaga ganye kamar mai neman kazar da ta ɓata. Nan ɗaya, can ɗaya, sai ka yi taku biyar ba ka ga komai ba. Itacen bai yi barci ba, bai ga dalilin haihuwa ba, ya samu ruwa da taki ya yi ta ƙiba abinsa. Hamisu ya zo ya tsaya kusa da ni, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Ɗan Boko, inuwarka ta yi daɗi." Ya shimfiɗa buzunsa ya yi la'asar a ƙarƙashin rumfata.

Wata biyu ina ɗebo ruwa ina ba 'ya'yan wani suna girma. Kowane guga na juye a hanyar gabas, sai in ga Hamisu a cikin lori da kwando a cinya. Da nonnan nan suka cika suka fara baƙi, suka yi nauyi har sai da ya ƙara ginshiƙai, sai na ce to, in ni ban samu ba, shi ma ba zai samu a banza ba. Ai ruwa a hannuna yake. Na toshe bakin hanyar gabas da laka, na bar 'yar kafa kamar ta allura, yadda sama-sama za ta jiƙe a ga alamar an yi ban ruwa. Sauran duk na karkata shi yamma, ko 'yan tsirarun nawa sa kumbura su yi girman goro. Na san Baba yakan ce a rage ruwa in 'ya'ya sun fara baƙi, amma na ɗauka don rafi yana ja baya ne a lokacin. Kuma shi na kwana biyar ko shida yake yi. Ni so nake su yanƙwane su zube.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki. Hamisu yana can cikin layukansa da allura da tsumma, yana ɗinka jaka, yana jan gwangwani, bai ce mini kanzil ba. Ganyensa ya fara laushi da rana, 'ya'yan suka daina girma. Na ce madalla. Nawa kuwa suka sha ruwa suka sha, sai fata ta fara tsagewa. Rina ta ji ƙamshi ta zo da danginta. Abin da rina ta bari, ruɓa ta kama, domin ganye ya hana iska shiga. Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma ba fara ba ce, ba ƙanƙara ba, ba gara ba. Rabin lambu ya tashi a ganye, gidanmu kuwa da wannan lambun ake ci.

Ranar ɗanɗano aka ɗora Baba a jaki, ƙafafu a naɗe, aka kawo shi bakin rumfa. Alhaji Buba ya zo daga Rogo a kan kekensa, aka yi gaisuwa, aka tambayi jiki, aka tambayi mutanen gida, aka shimfiɗa tabarma. Baba ya ce a fara da na yamma. Na zagaya layi uku kafin in sami nono ɗaya da zan iya nuna wa mutum. Alhaji ya tsinki ɗaya, ya rufe ido, ya tauna, ya buɗe.

"Ikon Allah," ya ce. "Malam Gambo, yaron nan ya iya ɗaure ruwa a fata."

Aka kawo na Hamisu. 'Ya'yan ƙanana, baƙi wuluk, wasu har sun ɗan motse. Na ce a raina, to, aƙalla mun faɗi tare. Alhaji ya sa ɗaya a baki. Ya rufe ido, ya tauna. Ya sa na biyu. Ya sa na uku bai rufe ido ba ma.

"Malam Gambo."

"Na'am, Alhaji."

"Ya kai."

Baba ya miƙo hannu daga kan jaki aka ba shi. Ya tauna, ya daɗe yana kallon rumfar gabas. Sannan ya ce Hamisu ya tono masa ƙasar gindi daga kowane ɓangare. Hamisu ya kawo a hannu biyu. Ta yamma taɓo, tana ɗiga ta tsakanin yatsu. Ta gabas ɓawon sama ne kaɗai da danshi, ciki gari.

"Wa ya rage ruwan nan?"

Na duba hanyar Kafin Dafga, na auna ko zan iya tsere wa mai jaki.

"Sale ne, Baba," in ji Hamisu.

"Kwana nawa?"

Na ce, "Sha ɗaya," da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Sha ɗaya," in ji Baba. "Ni tun Zariya aka ce mini in ya fara baƙi a matse shi da ƙishirwa, zaƙi ya taru. Ban taɓa iya wuce kwana shida ba, tausayi yake hana ni. Wa ya koya maka?"

Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Alhaji ya riga ni, bakinsa cike.

"Ai boko ne, Malam Gambo! Ka ga amfanin sa yaro a makaranta."

Baba ya dubi taɓon da ke hannun Hamisu na hagu, ya dube ni.

"Naka fa?"

"Gwaji nake yi, Baba."

"Gwaji. To, awakin Innarku sun gode, bana ba su da matsalar ganye."

Ya zaro tsumman daga aljihu ya miƙa wa Hamisu. Hamisu ya goge hannu da ganye, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Wannan na san zai faru. Abin da ban sani ba shi ne sauran.

"Kai kuma Sale, ina kwancen nan na yi shawara. Na ce ko wa ya ci, bana zan ɗauki ɗan ƙwadago in sa a jigo, wanda ya rasa wuƙa ya riƙa bin kaya Kano, tunda ƙafata ta ƙi. Amma na ga ruwan inabi ba na ɗan ƙwadago ba ne. Yana son mai taurin zuciya, wanda zai ga itace yana laushi bai ji komai ba. Daga yau ba mai taɓa jigon nan sai kai."

"Barka, Sale, barka!" in ji Alhaji. "Allah ya sa albarka a hannun nan."

Na ce amin. Me zan ce? In ce a gaban aminin ubana mugunta na yi ba ilmi ba? Na duba fuskar Baba in ga ko yabo ne ko hukunci, ya riga ya juya yana gyara zama a kan jaki.

Da suka tafi, na sauka bakin rafi na fasa lakar da na toshe hanyar gabas da ita, na kama igiya. Ina cikin ja sai ga Hamisu ya gangaro, wuƙa a aljihu ta yi masa tudu a riga. Ya tsugunna a kan tudun hanyar ruwa, inda taɓo ba zai taɓa shi ba, ya miƙo mini nono guda daga nasa. Na ce ba na ci. Ya ajiye a kan dutse kusa da ƙafata.

Na ce, "Yaya, tun yaushe ka sani?"

Ya yi tunaninsa da ya saba.

"Tun rana ta biyu. Na sa yatsa a ƙasa."

"Shi ne ba ka yi magana ba?"

"Na so in ce ka rage, na ga ka riga ni."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigar da ba abin da ya taɓa ta, ya fara hawa gangare. Sai ya tsaya ya waiwayo.

"Ɗan Boko."

"Na'am."

"Baɗi ma, in Allah ya kai mu, ka ji haushina daidai wannan lokacin. Kada ka riga, kada ka makara."